Surukata 'yar Suwidin ta rasu: wace kalma ce ta dace da ita?

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Minisota ta Amurka, kuma a nan na yi aure. Mahaifiyar matata ta rasu a watan jiya. 'Yar ƙasar Suwidin ce, ta shigo Amurka tana budurwa a shekarun 1950, ta yi aure ta hayayyafa, ta kuma tsufa tana sayar da takalman mata a wani babban kanti. Har ɗan littafi gare ta da take rubuta lambar ƙafar kowace mai saye. Ta riƙe ni kamar ɗan cikinta. Na rubuta wa 'yan'uwa na gida taƙaitaccen tarihinta, na kira ta 'yar ci-rani kuma dillaliya, na buɗe da "baƙo raɓa, ɗan gari kaba". Wani abokina ya ce duka ukun ba su zauna ba. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, ya aka ji da haƙuri? Allah ya ba maiɗakinka da yara juriyar rashi. Abokinka ya fi ka gaskiya.

Ci-rani lokaci gare shi. Manomi ya gama girbi, ya zuba hatsi a rumbu, ya rataya jaka ya nufi Kano ko Legas, ya yi dako ko ga-ruwa ko yankan farce, hadarin farko na haɗuwa ya kama hanyar gida. Ranin ya je ci a can don kada ya cinye rumbunsa. Komawa gida ita ce ƙashin bayan kalmar. Na san gidajen rediyo sun ja ta ta faɗaɗa, yanzu duk wanda ya tsallaka Bahar Rum sai a ce ɗan ci-rani, kuma ba na faɗa da su, harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya. Amma tsohuwa a gida in ta ji ka ce surukarka 'yar ci-rani ce, za ta tambaye ka me ya hana ta komawa da damina.

Kada kuma ka gudu daga nan ka faɗa wa gudun hijira. Wannan sai wanda yaƙi ko zalunci ya kora, kamar hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Rabon Suwidin da shiga yaƙi tun 1814. Mutanenta neman abinci ya fitar da su. Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 1930, fiye da mutum miliyan ɗaya suka bar ƙasar zuwa Amurka, kuma yunwar da aka yi daga 1867 zuwa 1869 ta ƙara tunzura tafiyar. Mafi yawa daga tashar jiragen ruwa ta Gothenburg a Suwidin suke tashi, su sauka Hull a Ingila, su shiga jirgin ƙasa zuwa Liverpool, sannan su hau babban jirgin ruwa zuwa Niyok. A wajen 1900, in ka cire Stockholm, babban birnin Suwidin, babu birnin da ya kai Shikago ta Amurka yawan 'yan Suwidin. 'Yan matansu da yawa da aikatau suka fara a gidajen masu hali. Ita marigayiya ta zo ne bayan ayarin ya watse, ta tarar 'yan ƙasarsu sun riga sun kafa majami'u da jaridu da shaguna a Minisota. Don haka ka rubuta kawai: ta yi ƙaura daga Suwidin zuwa Amurka. Akwai "ta yi kaka-gida", sai dai yau kalmar ta ɗan yi wari, an fi jin ta a kan wanda ya zo ya kankane wuri ba a so.

Wajen dillaliya ne ka fi yin nisa da hanya. Dillaliya ba ta da kanti. Ita ce matar da za ka gani da ƙullin kaya a ka, ta yi sallama ta shiga har tsakar gida, ta kwance ƙulli a kan tabarma: ga atamfar da wata amarya ta gaji da ita, ga kwanon samira, ga 'yan kunne a ɗaure a bakin zane. Kayan ba nata ba ne, na matan kulle ne da ba sa zuwa kasuwa, ita la'adarta take ci. Kuma tun da tana shiga gida-gida, labari ma yana bin ƙullin, shi ya sa sunan bai rasa ɗan zargi na tsegumi. 'Yar talla yarinya ce da faranti a ka. 'Yar kasuwa kuwa da jarinta take juyawa, riba tata, faɗuwa tata. Surukarka albashi take ɗauka a kantin wasu, ƙila da ɗan kamasho a kan abin da ta sayar. Hausar wannan ita ce mai jiran kanti. In ka ga kamar ta yi mata kaɗan, faɗi aikin da kansa: ta shekara da shekaru tana sayar da takalman mata a kanti. Ka sa maganar ɗan littafin nan a ciki. Duk wanda ya taɓa zama a Kantin Kwari ya san darajar mai sayarwa da ya san abokin cinikinsa tun kafin ya buɗe baki.

Karin maganarka ma ta juya maka baya. Raɓa da safe take, rana na ɗagowa ta bushe, kaba kuwa ko an sare ta sai ta tofo. Ana faɗar ta ne don a tuna wa baƙo cewa zai tafi ya bar 'yan gari, wani lokaci ma gori ne. Matar da ta haihu a gari, ta ga jikoki, aka binne ta a can, ta wuce a kira ta raɓa. Haka nan ka guji "kowa ya bar gida, gida ya bar shi", gargaɗi ne, ba a yi wa mamaci.

Wadda ta dace da sana'arta ita ce "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma". Wadda ta dace da riƙon da ta yi maka kuwa, "mai uwa a bakin murhu ba ya cin tuwonsa gaya". Gaya shi ne tuwo ba miya, kuma kai da ka je ƙasar da ba ka da kowa ka samu mai zuba maka miya. Wani zai ba ka "rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki", amma tana nuna an yi maneji ne da abin da aka samu, ba zan so ka sa ta ba.

Sunanta kuwa, tun da mutanen gida za su karanta, kunyar surukuta tana nan: ambace shi sau ɗaya a farko, daga nan sai Mama ko marigayiya. In yaranka mormor suke kiran ta, bar musu kalmarsu a rubutun. A harshen Suwidin mor uwa ce, mormor uwar uwa, farmor uwar uba, mu kuwa duk kaka muke cewa, sai an tambaya mu ƙara da ta wajen uwa ko ta wajen uba.