Wanne Ka Fi So, Wanne Ka Gwammace: Amsoshi Kan Kalmomin Wasan Zaɓi

Wata mai karatu ta rubuto tana cewa: "Malam, idan muka taru da ƙawayena mukan yi wani wasa, inda ɗaya daga cikinmu za ta kawo abu biyu ta ce kowa ta ɗauki ɗaya, kamar iya tashi sama ko iya ɓacewa daga idon mutane. Da sunansa na Turanci muke kiransa. Shin kacici-kacici ne, ko kuwa yana da wani suna da Hausa?"

Malama, wannan wasa ba kacici-kacici ba ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Mai yin kacici-kacici ya riga ya san amsa, ya ɓoye ta a cikin siffantawa, saura kuma su yi ta laluben abin da ya ɓoye har wani ya dace ko kowa ya gaza. A wasanku kuwa mai tambaya ba ta riƙe da wata amsa, domin amsar tana cikin zuciyar wadda aka tambaya, kuma mutum goma suna iya rabuwa gida biyu ba tare da an ce wani ɓangare ya yi kuskure ba. Abin da ya fi kusa da shi shi ne irin labarin wasa ƙwaƙwalwa da ake rufewa da tambaya, a ce cikin mutanen nan uku wa ya fi cancanta, sai masu sauraro su ɗauki muhawara. Irin waɗannan labarai suna da yawa a nahiyar Afirka, har masanin adabin baka William Bascom ya tattara su a littafi guda a shekarar 1975. Amma shi ma wannan labari ne mai tsawo, naku kuwa tambaya ce ta numfashi ɗaya.

Game da suna, kuna iya cewa "wasan zaɓi", kowa zai gane. Ni dai na fi karkata ga kiransa da tambayar da ake buɗe shi da ita, wato "wanne ka gwammace", saboda dalilin da zai fito a amsa ta gaba. A kula kawai kada a rubuta "wasan zaɓe", domin a Hausar yau kalmar zaɓe ta fi tafiya ga jefa ƙuri'a. Aikatau ɗin kansa yana sauya wasalinsa na ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo baya: na zaɓi littafi, na zaɓe shi, ga abin da na zaɓa.

Wani mai karatu ya tambaya: "Mene ne bambancin gara, gwamma da gwanda? Kuma idan na ce wa abokina wanne ka fi so, daidai yake da in ce masa wanne ka gwammace?"

Kashin farko na tambayarka mai sauƙi ne. Gara, gwamma da gwanda, har da gwara da ake yawan ji, ma'anarsu ɗaya, kuma kana iya musanya ɗaya da ɗaya a cikin jimla ba tare da ta sauya ba. Bambancinsu na karin harshe ne da sabon baki. Daga gwamma ne aka ƙera aikatau gwammace.

Kashi na biyu shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin a nan Hausa ta rarrabe abin da masu wannan wasa sukan cakuɗa. Fi so yana aiki ne inda akwai so tun farko: abu biyu ne masu daɗi, zuciya tana son kowanne, amma ɗaya ya rinjaya. Gwammace kuwa, a yawancin amfaninsa, yana zuwa ne bayan an auna, kuma sau da yawa abin da aka gwammace ba abin so ba ne, sai dai ya fi ɗan'uwansa sauƙin ɗauka. Idan ka tambayi mutum ko ya rayu ba ya jin sauti ko ya rayu ba ya ganin launi, ka ce masa wanne ya fi so, ka yi wa harshe rauni, domin babu wanda yake son ko ɗaya daga ciki. Abin da za ka ce shi ne wanne ya gwammace. Idan kuwa tambayar ita ce zama kusa da teku ko zama a kan tsauni, to fi so ya zauna daram.

Karin magana ya tabbatar da wannan. Duba "da muguwar rawa gara ƙin tashi". Ƙin tashi ba abin yabo ba ne a wurin da ake rawa, mai zama ya rasa rabonsa na nishaɗi, amma kunyar muguwar rawa ta fi wannan rashi nauyi. Haka "da babu gara ba daɗi": ai an faɗa ƙarara cewa abin da aka ɗauka ba shi da daɗi. Haka kuma "da hanau gara mannau", inda aka ƙera sunaye biyu daga hana da manna, a kan tsarin da ya ba mu mantau da jimrau. Mannau bai ba ka abin kirki ba, ɗan abin da ya manna maka ne kawai, amma ya fi wanda ya hana ka gaba ɗaya. A duka ukun babu murna, akwai dai hankali da ya auna asara biyu ya ɗauki ƙarama. Ban ce gara ba ta da wani aiki sai wannan ba, domin muna cewa "gara da ka zo" muna nufin zuwan ya yi kyau, muna kuma cewa "gara ka tafi yanzu" a matsayin shawara. Amma da zarar an gina jimla da "da kaza gara kaza", abin da ya biyo bayan kalmar "da" shi ne aka ƙi, ko da wanda ya biyo bayan gara ba a yi marhabin da shi ba.

Akwai wani tarko a jerin kalmomin da ya kamata masu wasa su lura da shi. A "da kaza gara kaza", abin da aka ƙi shi ne a gaba. Amma a "gwamma jiya da yau", abin da aka ɗauka shi ne a gaba, wanda aka ƙi ya koma bayan da. Aikatau gwammace ma haka yake tafiya, kamar a maganar nan "ya gwammace kiɗa da karatu", wadda ake faɗa wa wanda ya sha wuya har ya kai ga fifita abin da a da ba zai fifita ba. Ƙa'idar ɗaya ce a duka gine-ginen: duk inda da ta tsaya, abin da ke bin ta shi ne wanda aka bari. Na sha jin mai amsa ya ce "na gwammace zafi da sanyi" masu sauraro su ɗauka duka biyun ya haɗa, alhali ya ɗauki zafi ne ya bar sanyi. Inda ake tsoron wannan ruɗani, a ce "na gwammace zafi a kan sanyi", ko a koma ga ginin karin magana a ce "da in zauna cikin sanyi gara in zauna cikin zafi".

Wata ɗaliba ta tambaya ko "wane" ake rubutawa ko "wanne", da kuma inda ake sa "ko kuwa".

Wane da wace da waɗanne suna tafiya ne da suna a bayansu: wane gari, wace hanya. Wanne da wacce kuwa su kaɗai suke tsayawa, sun maye gurbin sunan: wanne kika ɗauka, wacce ta fi. Saboda haka tambayar wasan da baƙi biyu ake rubuta ta. Ita kuma ko tana wadatarwa tsakanin kalmomi biyu gajeru, kamar dare ko rana. Idan ɓangarorin sun yi tsawo, kowanne jimla ce mai zaman kanta, ko kuwa ta fi dacewa, domin tana sa mai sauraro ya ji inda zaɓi na farko ya ƙare na biyu ya soma, tana kuma nuna cewa ba za a haɗa su ba. Ita kuwa "ko kuma" ta fi sassauci, takan zo da ma'anar ga wata hanya ma, shi ya sa ba na son ta a wannan wasa.

Wani kuma ya rubuto da ƙorafi: "A cikinmu akwai wanda duk tambayar da aka yi masa sai ya ce dukansu, ko ya ce babu ko ɗaya. Mukan ce masa mai ruwan ido. Mun yi daidai?"

Kun yi daidai a rabi. Ruwan ido shi ne kasa tsayar da zaɓi saboda kowane abu ya burge mutum, ido ya ga wannan ya so, ya ga wancan ya so, har lokaci ya ƙure. Wanda ya ce dukansu, shi ne mai ruwan ido, kuma ƙarshen irinsa a rayuwa shi ne abin da ake kira ba tsuntsu ba tarko, ko a ce ya yi biyu babu. Amma wanda ya ce babu ko ɗaya ba ruwan ido ke damunsa ba. Shi ya sami kansa ne a tsaka mai wuya, yana neman hanyar zillewa. Kun ga rarrabewar da muka yi a baya ta sake dawowa: ruwan ido ciwon fi so ne, tsaka mai wuya kuwa ciwon gwammace.

Karin maganar da ya fi kama wannan hali na biyu shi ne "gaba kura baya siyaki", wasu kuma su ce sayaki. Mutane da yawa suna faɗinsa ba su san mene ne siyaki ba. Siyaki ɗan'uwan kura ne: kura ita ce mai ɗigo-ɗigo a jiki, siyaki kuwa mai zane-zane ne, kuma bai kai ta girma ba. Abin lura shi ne ba a ce gaba kura baya kura ba. An kawo dabbobi biyu masu kama da juna amma ba ɗaya ba, yadda mai hankali zai iya tsayawa ya auna wanne ya fi haɗari. A ganina duk mai son ƙirƙirar tambaya mai armashi a wannan wasa, daga nan zai koyi sana'arsa. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba, kowa zai ɗauki abu guda, hira ta mutu nan take. Idan kuma ɓangarorin sun zama daidai ta kowace fuska, babu abin da za a kafa hujja da shi, sai dai a yi canke.

Wannan hali na zaɓi tsakanin abu biyu da suka zama daidai ta kowace fuska ya daɗe yana damun masana. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya kawo a cikin littafinsa Tahafut al-Falasifa misalin mutumin da aka ajiye wa dabino biyu masu kama da juna ta kowace fuska, ba zai iya ɗaukar duka ba, ya kuma nuna cewa lalle zai ɗauki ɗaya, domin aikin nufi shi ne ware abu daga irinsa ko da babu abin da ya fifita shi. A Turai kuma an san misalin jakin da ya tsaya tsakanin tarin ciyawa biyu daidai wa daida har yunwa ta kashe shi, wanda ake jingina wa Jean Buridan, malamin falsafa na Faransa a ƙarni na 14, ko da yake ba a sami jakin a rubuce-rubucensa ba. Don haka ku gaya wa abokinku cewa ƙa'idar wasan ita ce a ɗauki ɗaya, kuma ba a neman ya yi alkawari da abin da ya ɗauka. Abin da ake jira shi ne kalmar da za ta biyo baya, wato don me, domin a nan ne za ku ji yadda yake auna abubuwa, wanda wataƙila shekaru kuna tare ba ku taɓa ji ba. Sai dai in ƙara da cewa idan tambaya ta taɓa abin da mutum yake jin nauyinsa, kamar a ce ya zaɓa tsakanin mutane biyu da ke zaune a wurin, to shirunsa ba ruwan ido ba ne, kara ce, kuma laifin na mai tambaya ne.

Tambaya ta ƙarshe daga wani malamin makaranta ne, wanda yake amfani da wasan don ɗalibai su saki baki a aji. Ya ce wani yaro ya kawo tambaya kamar haka: ka karɓi wannan kyauta ko ka tashi hannu rabbana. Yana so ya san ko wannan ma zaɓi ne.

Malam, a siffa zaɓi ne, tun da akwai ko a tsakiya, amma a haƙiƙa tilas ce aka yi wa ado, kuma mun san tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Turawan Ingila suna kiran irinsa zaɓin Hobson, daga sunan Thomas Hobson, mai ba da hayar dawaki a garin Kambirij wanda ya rasu a shekarar 1631. Don kada a gajiyar da dawakinsa mafi kyau, sai ya sa doka cewa mai haya ya ɗauki dokin da ke kusa da ƙofa ko ya haƙura. A Hausa amsar irin wannan tambaya a shirye take tun kafin a yi ta, wato da babu gara ba daɗi, shi ya sa ba ta haifar da muhawara. Ka nuna wa yaron yadda zai gyara ta: ya ɗora wa kyautar wani nauyi, ya kuma sa wa rashin wata riba, misali ka karɓi kyautar amma kowa ya san kai ka roƙa, ko kuwa ka tashi hannu rabbana amma a ba wanda ka fi ƙauna. Daga nan sai ka sa kowane ɗalibi ya ba da amsa da cikakkiyar jimla mai "da in yi kaza gara in yi kaza", sa'an nan ya juya ta zuwa "na gwammace kaza da kaza" ba tare da ya sauya abin da ya ɗauka ba.