Dama da hauni: wane suna za mu ba "kayiral" da Hausa?

Wata ɗaliba mai karatun kimiyyar sinadarai ta rubuto min daga Yelwa nan Bauchi, tana so ta yi wa mahaifiyarta bayanin binciken da take yi kan ƙwayoyin sinadarai da ake ce wa kayiral in sun dunƙule waje guda, wai ko ta ce musu tagwaye?

Toh 'yata, tambayar nan ta min daɗi sosai, amma tagwaye bai kama ba. Asalin kalmar daga Girkanci ne, kheir, wato hannu, masanin kimiyya ɗan Birtaniya Lord Kelvin ne ya ƙirƙiro ta. Dubi tafukan hannunki, yatsu biyar nan biyar can, komai iri ɗaya kamar mutum da hotonsa a madubi, amma ɗora ɗaya kan bayan ɗaya ki gani, babban yatsa ya yi gabas ɗan uwansa ya yi yamma. Takalmin hagu ma ai ba ya shiga ƙafar dama ko da lambarsu ɗaya. Ƙwayoyin kayiral ma haka suke, kuma haka masanin kimiyya Louis Pasteur ya tarar a Faransa a 1848, ya zauna da ɗan hantsaki yana tsince ƙwayoyin gishirin wani sinadari mai suna tatarik ɗaya bayan ɗaya, na dama gefe na hagu gefe. Ni dai "dama da hauni" zan ce. Hauni tsohuwar kalma ce ta hagu, yaran yanzu sun fara mantawa da ita kuma abin na damuna, gara a ba ta aiki.

Dunƙulewar kuwa muna da kalmarta tun kaka da kakanni, tufka. In kin taɓa ganin mai tufka igiyar rama kin san murɗin ko dai ya bi dama ko ya bi hagu, kuma ko kin juya igiyar kai ya koma ƙasa murɗin na nan yadda yake, sai a madubi kaɗai zai sauya. Ƙwayoyin nan in sun hau kan juna haka suke murɗewa, har ma akwai waɗanda su kaɗai ba su da dama ba su da hauni amma da sun taru sai tufkar ta bayyana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka kenan.

Ido ba ya ganin wannan, shi ya sa kuke haska musu haske iri biyu, mai juyawa dama da mai juyawa hagu, na'ura ta auna wanne suka fi shanyewa, daga bambancin ne ake gane inda murɗin ya nufa. Wannan ki ce masa awon haske. In kin ɗumama ruwan gwajin dunƙulen ya watse alamar da na'urar ke nunawa ta canza, sai ki ce wa Mama tufkar ta warware, na tabbata kafin ki rufe baki ta gane.