Ɗiya biyun da aka samu a Sakkwato

Ɗiyata,

Da gangan na kira ki da wannan kalma, don a kanta za mu yi magana. Kin ce ƙanwar mijinki da ke aure a Sakkwato ta sauka lafiya, haihuwar fari, mijinta ya rubuto muku cewa "an samu ɗiya biyu". Da murna kika tashi kika sayo kayan jarirai mata, sai daga baya kika ji ashe Hassan ne da Husaini. Shi ne kike tambaya ko al'adarsu ce su ɓoye abin da aka haifa sai ranar suna, ko kuwa mutumin ne ya yi kuskure.

Babu ko ɗaya. Hausarsa ya rubuta, ke kuma kika karanta da kunnen Kano.

A Kano, inda aka haife ki, duk wanda ya ji an ce ɗiya, 'ya mace guda ɗaya zai kawo a ransa. Amma a can gida, daga Sakkwato zuwa Gusau da Birnin Kebbi da Katsina, har a tsallaka Nijar wajen Maraɗi da Tawa da Birnin Ƙonni, kalmomi biyu ne suka sa riga iri ɗaya. Akwai ɗiya da ke nufin 'ya mace, akwai kuma ɗiya da ke nufin 'ya'ya, maza ne ko mata ko a gauraye. A baki ba sa rikicewa, saboda karin murya ya raba su, kamar yadda ba ki taɓa rikita fara mai cin amfanin gona da fara ta launi ba. Rubutun boko ne ba ya nuna karin murya. Da ya kira ku a waya ya faɗa da bakinsa, ko da ba ki saba ba, da wata tsohuwa a gidan ta warware miki nan take.

Ko a rubuce ma akwai inda suke tona kansu, ki riƙa duban wutsiyar kalmar. In na ce ɗiyata, ke kaɗai nake nufi. In na ce ɗiyana, na haɗa ku duka har da yayyenki maza. Basakkwace zai ce ɗiyas Sarki, wato 'yar Sarki, ya ce ɗiyan Sarki, wato 'ya'yansa. Har abin da kuke kira 'ya'yan itace, ɗiyan itace muke cewa. Abin da ya ba ki wuya shi ne "ɗiya biyu" ba ta da wutsiyar da za a kama. Da mata yake nufi, da ya ce ɗiya mata. Ɗiya biyu kawai, ai tagwaye ya faɗa muku, bai ce komai a kan jinsinsu ba tukuna.

Wannan ma'auni kuma ba ko'ina yake aiki ba. In kika gangara ƙasar Zazzau ko Bauchi, za ki ji mutum mai mata ɗaya yana cewa matana, ko ya nuna yarinya ya ce yarinyan nan. A bakinsa wutsiyar "na" da ta "ta" ba su da wannan bambancin da muke yi, don haka kada ki ƙirga wa mutum 'ya'ya daga wutsiyar kalmarsa sai kin san daga ina ya fito.

Akwai abin da ya ɗan sosa min rai a saƙonki, inda kika ce ko mutumin bai iya Hausa sosai ba ne. Kada ki sake faɗin haka, ko da wasa. Lokacin da aka kawo ni Kano ina amarya, na sha dariya a tsakar gida saboda ina cewa tahi da ɗiya da shi na, har na koma ba na son buɗe baki a gaban mutane. Na daɗe kafin in gane ba ni da abin jin kunya. Ki furta ɗiya da sauri sau uku, ki ji inda harshenki zai kai ki: ɗiya, ɗya, 'ya. Masana harshe sun nuna cewa 'ya ɗin da kuke faɗa daga ɗiya ta fito, baki ne ya gajarta ta. Abin da kuke kira 'yanci, mu ɗiyauci muke cewa, domin ɗa da ɗiya su ne waɗanda ba bayi ba. Abin da ya faru kawai shi ne da aka zo daidaita rubutun boko, a kan karin Kano aka gina shi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da littattafan makaranta, da gidajen rediyo, duk suka bi wannan hanya, sai yara suka tashi suna zaton sauran karin ƙauyanci ne. Alhali tun ƙarni na 19 ake rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami a Sakkwato, zamanin Nana Asma'u ɗiyar Shehu, kuma da Hausar can aka yi su.

In kin je za ki ji wata kalmar, jinjiri. Ku a nan jariri kuka fi faɗa, jinjiri kuwa kusan sai an zo duban wata kuke tunawa da shi, a ce an ga jinjirin watan Ramadan. A can ɗan mutum ne jinjiri kafin komai, watan ma arar masa sunan aka yi saboda sabo ne, siriri. Tsofaffi na cewa jinjiri bai san babu ba. Sannan in za ki rubuta musu, ki sa wa ɗ ɗinki lanƙwasarta. Da ba ta, kalmar kan koma kamar diyya, kuɗin rai, abin da ba a son ambata a gidan haihuwa.

Yanzu batun al'ada. Suna ake riƙewa, ba jinsi ba. Uba ko wani babba yana yi wa yaro huɗuba a kunne, amma jama'a ba sa jin sunan sai ranar suna, in kwana bakwai sun cika. Tagwaye ma sunansu a bayyane yake tun ranar da suka faɗo. Jinsi kuwa tambaya ake yi, kuma babu rashin kunya a ciki. Da an ce miki an samu ƙaruwa, ki ce barka, Allah ya raya, sannan ki ce me aka samu? Haka iyayenmu suke yi, shi ya sa ba sa saye kafin su ji. In akwai al'adar da ta taɓa saƙon nasa, to kunyar ɗan fari ce. Mutumin da aka yi wa haihuwar fari ba ya zama ya zayyana wa surukai labarin 'ya'yansa. Zai faɗi abin da ya zama dole a taƙaice ya yi shiru, sauran bayani a ji daga bakin mata. Ni a wurina wannan tarbiyya ce, kuma ta sa na ga girmansa tun ban san shi ba.

Kayan da kika sayo kada ki mayar, ki ninke ki ajiye. Wanda ke bin tagwaye Gambo ake ce masa, mace ko namiji, ba ki san wa Allah zai kawo ba. Na yaran nan kuma ki sayi iri ɗaya, launi ɗaya, kada na wani ya fi na wani, don ba a bambanta tagwaye a kyauta. Ki samu ki isa kafin ranar suna, ki taya mai jego zama. In tsofaffin gidan sun tambaye ki ina ɗiyanki, ki ce suna lafiya su duka, suna gaishe su.

Ki yi wa mai jego barka a madadina, ki ce Allah ya raya mata su, ya ɗayyaba.

Gwaggonki