Gidan tsofaffin soja da hoton Kaka

Ɗan'uwa, hoton da ka gani a Facebook ba a mashaya aka ɗauke shi ba. Na san ba da wata manufa ka tambaya ba, amma da ka rubuto cewa "ashe Kaka ɗan kulob ɗin Turawa ne," sai da abin ya sosa min rai. Gidan tsofaffin soja ne da ke nan Ankara, wadda kuke rubutawa Accra. Dattawanmu Legion suke ce masa, ko da yake yanzu VAG ake kiran hukumar.

Kuɗi ba ya shigar da mutum ciki, sarauta ma haka. Sai wanda ya sa kaki, aka sallame shi da takarda. Ta Kaka tana cikin wani gwangwanin biskit har yau, naɗe da tsumma, tare da lambar yabo ta yaƙin Bama (Burma). Duk ranar 10 ga Nuwamba da daddare zai zauna a bakin ƙofa da toka da lemun tsami yana goge lambobin, don washegari ne ake fareti a maƙabartar soja ta Osu. Ni nake riƙe masa fitila.

Ku a can kuna ganin aikin soja na zamanin Bature aikin waɗanda suka rasa madafa ne. To ka sani, sojan ƙasar nan ta Ghana da Hausawa aka kafa shi. Rundunar da aka kafa a 1879 da sunan Hausa aka san ta, ita ce ta zama Gold Coast Regiment a 1901, kuma takenta "Kullum Shiri". A wancan zamani da Hausa ake magana a bariki. Shi ya sa abokan Kaka a Legion, Dagomba ne, Moshi ne, Gurunshi ne, Bazabarme ne, in sun haɗu ba ka jin komai sai Hausa. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin 1914, a ƙasar Togo, daga wannan runduna ya fito.

Akwai masu shan giya a cikinsu, ban musa ba, ai ba duka ne Musulmi ba. Kaka da butarsa yake zuwa, in la'asar ta yi ya shimfiɗa buzu a gindin bishiya, su kuma su rage murya har ya sallame. Ranar 28 ga Fabrairu kuwa tare suke tuna Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, waɗanda aka harbe a 1948 suna kan hanyar kai wa Gwamna kuka kan haƙƙinsu. Babu Bahaushe ko ɗaya a ukun, amma Kaka bai taɓa kiransu da komai ba sai "'yan'uwanmu".

Sai maganar da ka sako a ƙarshe, wai ko har yanzu mu Hausawa ne tunda kakarmu 'yar ƙabilar Ga ce. Ita ce fa ta yi shekara arba'in tana tuƙa tuwo a Sabon Zango, ita ta kai babanmu makarantar allo da hannunta. Na yarda Hausarmu ta sauya, wani lokaci mukan ce wa mace "ya zo", kuna mana dariya. Amma da ita muke roƙon Allah, da ita muke faɗa da sulhu.

Ni ba ɗan ƙungiyar ba ne, ba a gadonta. Ranar da Kaka ya rasu dai, tsofaffi shida suka zo da lambobi a ƙirji, biyu daga ciki Kirista. Suka tsaya a gefe har aka idar da sallar jana'iza, sannan suka nemi izinin liman a bar su su kama makara.