Amsa ga mai tambaya kan RTX 3060 da wasannin da ke tafe

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko katin girafik RTX 3060 na hannu da kake shirin saya domin gidan gem ɗinka a Ƙofar Ƙaura zai ɗauki GTA VI da sauran wasannin da ba su fito ba. Na daɗe ina haɗa kwamfutoci a nan Katsina, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, duk bidiyon da ka gani a YouTube yana nuna yawan firam, wato hotuna a daƙiƙa, da wannan kati zai bayar a GTA VI shaci-faɗi ne kawai. Kamfanin Rockstar mai yin wasan ya sanar da shi ne domin na'urorin wasa na PS5 da Xbox Series, ba kwamfuta ba, kuma al'adarsa ce ya jinkirta na kwamfuta: GTA V ya fito a 2013 amma sai a 2015 ya iso kwamfuta, Red Dead Redemption 2 kuma ya fito a 2018, na kwamfuta ya biyo baya a 2019.

Abin da ake iya hasashe da hankali shi ne ko katin zai tayar da wasan ba tare da sarƙewa ba, kuma a nan ma'ajiyar katin, wato VRAM, ita ce kan gaba. PS5 tana da 16GB da ake rabawa tsakanin tsarinta da hoto, kuma da yake yawancin manyan wasanni a kanta ake auna su, katunan 8GB sun sha wahala a 2023 lokacin da The Last of Us Part I ya zo kwamfuta. RTX 3060 na asali yana da 12GB, wanda ya fi na RTX 4060 mai 8GB, sai dai ka lura sosai, domin akwai wani RTX 3060 ɗin mai 8GB da ya fi rauni, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai bambance maka su ba. Ka sa a kunna shi a gabanka, ka duba da manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati.

Fasahar bibiyar haske, wato ray tracing, mai kwaikwayon yadda haske ke tafiya a hoto, wadda katunan RTX suka zo da ita a 2018, ita ma ta zama sharaɗi a wasu wasanni. Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 ba sa tashi a kan katin da ba shi da ita, don haka ba zan ba ka shawarar GTX 1660, wanda ba shi da ita, ba komai arharsa.

Akwai kuma abin da masu gwaji a Turai ba sa lissafawa. Zafin Afrilu a garin nan kan kai digiri 40, ga ƙurar hunturu. Na sha buɗe katin da aka kawo mini ana kukan ya rage gudu, in tarar ƙura ta toshe tsakanin ƙarafan sanyaya kamar auduga, man da ke kan cif ɗin kuma ya bushe ya tsattsage. Kati idan ya yi zafi da kansa yake rage ƙarfi. In da sola kake aiki, ka sani RTX 3060 yana jan wat 170, RTX 4060 kuwa 115.

Kafin ka biya kuɗi, ka sauke manhajar gwajin Black Myth: Wukong, wadda kyauta ce a shagon wasanni na Steam kuma an gina wasan a kan manhajar ƙera wasanni ta Unreal Engine 5 da wasanni masu zuwa da dama ke amfani da shi, ka bar ta tana maimaitawa a 1080p na rabin awa kana lura da zafin katin.