Sallar sojan ruwa a cikin jirgi da haƙƙin matar da ya bari a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni hafsan sojan ruwa ne. Jirginmu yakan tashi daga Apapa a Legas zuwa sintiri a tekun Gini, muna artabu da 'yan fashin teku da ɓarayin ɗanyen mai. Gadi muke karɓa dare da rana, wani lokacin igiyar ruwa ba ta barin mutum ya tsaya da ƙafafunsa. Yaya zan yi sallah? Sannan wata bakwai ke nan rabona da iyalina a Zariya, kuɗin cefane kuma ta hannun yayana nake turawa. Maiɗakina ta fara ƙorafi. Shin ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya kare ku. Batun sallah da sauƙi. Ruwan teku mai tsarki ne, ka yi alwala da shi, domin hadisin Abu Huraira a cikin Muwaɗɗa ya tabbatar cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal. Ka yi sallah a tsaye, sai idan ka ji tsoron faɗuwa ko jiri ya kama ka, to ka zauna. Ka fuskanci alƙibla, ga na'urar da ke nuna gabas da yamma a jirginku. In jirgin ya juya kana cikin sallah, ka juya ka sake fuskantarta matuƙar akwai hali. Tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80, ana yi mata ƙasaru. Haɗa salloli biyu kuwa, Malikiyya sun taƙaita rangwamensa ga matafiyin tudu, amma Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta shi a teku. Ranar da gadi ya cinye maka lokaci, ka bi fatawarsu, hakan ya fi ka bar sallah ta wuce.

Tambayarka ta biyu ta fi damuna. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, yana zagayen dare a Madina, ya jiyo wata mata tana rera baitoci na kewar mijinta da ya tafi yaƙi. Bai tsawata mata ba. Ya je ya tambayi 'yarsa Hafsa iya lokacin da mace za ta jure rashin miji, sannan ya sanya wa rundunoni wa'adi, wasu ruwayoyin suka ce wata huɗu, wasu shida. Haka aya ta 226 a Suratul Baƙara ta ba mai rantsuwar ƙaurace wa matarsa wata huɗu kacal. Saboda haka ƙorafin maiɗakinka ba raki ba ne, haƙƙinta take nema.

Tunda umarni ne ya tsare ka, ba ka da zunubi a kan daɗewar. Zunubin yana shigowa ne idan damar hutu ta samu ka ƙi nema, ko jirgi ya tsaya a tasha, waya ta kama, ka kira abokai ka bar ta tana kallon wayarta har dare ya raba. Wajibi ne ka rubuta neman hutu yanzu. A Malikiyya, idan rashin miji ya kai shekara kuma matar ta cutu, tana iya kai ƙara, alƙali ya aika masa ko ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sauwaƙe mata. Kada ka bari a kai nan.

Kuɗin cefane kuma nata ne da 'ya'yanta, ka riƙa tura mata kai tsaye. Ba na zargin yayanka, amma na sha zaman sulhu a kan irin wannan: mace ta aika yaro neman kuɗin omo ko na magani, a ce ya dawo gobe. Abin da za ka yi wa yayanka da mahaifanka, ka ware shi daban. Ka nemi wani muharraminta ya riƙa leƙa gidan, in kuma tana son komawa wajen iyayenta kafin ka dawo, ka ba ta izini.

Ranar da aka sallame ka, ka sanar da ita kafin ka iso, domin Manzon Allah (SAW) ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa.

Wallahu a'alam.