Makina na sakandare hawa da sauka ne, amma na ƙera na'ura: MIT za ta dube ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bana na gama sakandare a Kaduna. A WAEC na samu A1 a fiziks da darasin kwamfuta, B3 a lissafi, C5 a kimistiri, C6 a Turanci. Sakamakona na SS2 kuwa ya lalace saboda jinyar mahaifina. Amma na haɗa wata na'ura da ke kunna famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana idan ƙasa ta bushe, ni na rubuta manhajarta, kuma wasu manoma suna amfani da ita. Burina MIT, jami'ar kimiyya da fasaha da ke Amurka. Wannan aikin zai rufe mini giɓin maki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙanena, aikin ba zai rufe giɓin ba, amma zai yi maka amfani sosai idan ka fara cike giɓin da kanka.

Masu tantancewa a irin waɗannan jami'o'i tambaya biyu suke yi, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko: idan muka ɗauki wannan yaro, zai iya karatunmu? Ta biyu: cikin dubban da za su iya, me ya sa shi? Na'urarka amsar ta biyu ce, kuma amsa ce mai ƙarfi. Sai dai ba a zuwa ta biyu sai an tsallake ta farko. MIT tana ɗaukar ƙasa da mutum 5 cikin kowane 100 da suka nema, kuma ga 'yan ƙasashen waje ƙofar ta fi haka ƙunci.

Dalilin da ya sa ba sa wasa da tambayar farko a fili yake. Kowane ɗalibin MIT, ko me ya je karanta, dole ya yi kwas biyu na kalkulas (wani reshe na lissafi mai zurfi), biyu na fiziks, ɗaya na kimistiri, ɗaya na bayoloji, sannan kwasa-kwasai takwas na adabi, fasaha da ilimin zamantakewa. To ka ga C5 ɗinka a kimistiri ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. B3 a lissafi ma ya fi damuna a kan C6 na Turanci, domin lissafi ne ƙashin bayan duk abin da za ka je yi. Ba yawan makin da ya faɗi ake dubawa kawai ba, ana duba a wane darasi ya faɗi, da yaushe, da kuma ko ka farfaɗo daga baya. Wanda ya faɗi a SS2 ya miƙe a SS3 labarinsa daban ne da wanda ya fara da kyau ya ƙare da sanyin jiki.

Babbar damar gyara da ke hannunka ita ce jarrabawar SAT, wadda jami'o'in Amurka ke amfani da ita wajen tantance masu neman shiga. A 2022 MIT ta dawo da sharaɗin SAT ko takwararta ACT bayan ta jingine shi lokacin korona, kuma hujjarta ita ce makin, musamman na lissafi, yana taimaka mata gane wanda ya shirya ko da makarantarsa ba sananniya ba ce. Ɓangaren lissafi maki 800 ne, galibin waɗanda ake ɗauka kuwa suna samun 780 zuwa sama. Idan ka kawo irin wannan, B3 ɗin nan zai rage nauyi. Idan ka gwada sau da dama kana tsayawa nesa da nan, wannan ma labari ne da ya kamata ka saurara.

Batun jinyar Baba, ka faɗe shi. Akwai gurbin ƙarin bayani a fom ɗin. Jimla uku ko huɗu sun isa: abin da ya faru, zangon da ya shafa, yadda ka dawo. Kada ka mai da shi kuka. Ya fi kyau ma shugaban makarantarku ya tabbatar da shi a tasa wasiƙar, don maganar wani a kanka ta fi taka nauyi. MIT kuma tana neman wasiƙa daga malamai biyu, ɗaya na lissafi ko kimiyya, ɗaya na harshe ko zamantakewa, saboda haka ka je ka gaida malamin Turancinka tun yanzu.

Na'urar kuma, akwai inda aka tanadar mata, wato Maker Portfolio, inda ake tura hotuna, bidiyo da bayanin abin da mutum ya ƙera. A nan yara da yawa suke yi wa kansu illa da kurari, wai sun kawo ƙarshen matsalar noma a Afirka. Masu dubawa sun san aikin hannu. Nuna musu wace na'urar auna danshi ka sa, me ya ƙone a gwajin farko, yaya ka yi da ƙura da zafin rana, wane ɓangare ne naka kuma wanne ka ɗauko a intanet. Ka ajiye manhajar a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu.

Kuɗi kada ya hana ka nema. MIT, Harvard, Yale da Princeton ba sa duba aljihun mai nema wajen ɗauka, ko daga ina yake, kuma suna cike abin da iyali ba za su iya biya ba. Wa'adin farko na MIT 1 ga Nuwamba ne, na biyu farkon Janairu. Ni dai na biyun nake ba ka shawara, don ka samu lokacin SAT. Oxford da Cambridge kuwa kada ka ɓata kuɗin fom a bana, tsarin Ingila maki ne kan gaba, na'ura ba ta cika sauya hukunci ba.

Kuma kada ka rataya komai a ƙusa ɗaya. Ka tuntuɓi ofishin EducationUSA na Abuja, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, su taimaka maka fitar da jerin jami'o'i masu ƙofa mafi faɗi. Ka duba jami'ar Ashesi a Gana, ka kuma rubuta JAMB. Wanda ya yi injiniyanci a ABU Zariya ko BUK ya fita da sakamako mai kyau da ayyuka irin naka, yana iya neman digiri na biyu a MIT ɗin ko a reshen jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka da ke Kigali, kuma a wannan matakin sakamakon jami'a da bincikenka ake dubawa, ba na SS2 ba.